Gargaɗi kan masu tallan hodar farfaɗo da batirin mota a Kano

Ina rubuta wannan ne domin jan hankalin masu motoci a birnin Kano game da wasu mutane da ke tallata wata hoda a Facebook da WhatsApp, suna cewa tana dawo da mataccen batir sabo fil cikin kwana ɗaya. Abin ya faru da ni a watan Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, kuma daga baya na ji irin labarin daga bakin mutum biyu a unguwarmu.

Batirin motata ya shekara uku, ya fara nauyin tayar da inji da asuba, har sai yaran maƙwabta sun tura ni. Ganin tsadar sabo ya sa na kira lambar da ke jikin tallan. Wani matashi mai ladabi ya zo har ƙofar gida a adaidaita sahu, da na'urar caji da mita da ƙullin farar hoda a leda, wadda ya ce daga Jamus ake kawo ta. Ya ce, "Alhaji, batirinka bai mutu ba, suma ya yi." Ya buɗe murafen ɗakunan batirin guda shida, ya tuntsurar da ruwan cikinsa a kwata, ya dama hodar da ruwan leda ya ɗura, sannan ya jona caji mai ƙarfi na kusan awa ɗaya, har jikin batirin ya ɗauki zafi. Da ya ɗora mita ta nuna ƙarfin wuta sama da bolt 13, na murɗa makulli mota ta tashi nan take, na tura masa N15,000. Kwana uku bayan haka motar ta mutu mini a hanyar Zariya, ko fitilar gaba ba ta kawowa, lambar wayarsa kuma a kashe.

Wani dattijo da ya daɗe yana sana'ar cajin batir a wajen Ƙofar Ruwa ne ya warware mini yadda aka yi. Ya haska tocila cikin ɗaya daga ɗakunan, ya nuna mini wani baƙin taɓo da ya kwanta a ƙasa, ya ce, "Malam, wannan naman farantin ne ya zube, babu hodar da za ta mayar da shi mazauninsa." Batirin mota faranti ne na dalma a jiƙe cikin asid da aka sirka da ruwa, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, shi ya sa lafiyayyen batir mai cikakken caji yake nuna kusan 12.6. Duk lokacin da caji ya sauka, wani farin gishiri yana taruwa a kan farantan, idan aka yi caji da wuri ya narke, idan kuwa aka bar batirin a sauke na makonni sai ya daskare ya yi tauri. Zafi irin namu, wanda kan wuce digiri 40 a bazara, yana ƙafar da ruwan, yana kuma saurin cinye ƙarfen farantan.

Dabarar mayaudarin tana cikin mitar nan. Batirin da aka cire daga caji yanzu-yanzu yakan nuna lamba mai yawa ko da ya gaji, domin cajin yana saman faranti ne kawai, kuma zai iya tayar da mota sau ɗaya ko biyu, musamman da rana. Awon gaskiya sai batir ya huta na wasu awanni, sannan a duba shi yayin da ake tayar da inji: idan lambar ta faɗi ƙasa da 9.6, ƙarfinsa ya tafi. Wanda ya karɓi kuɗinka kafin batirin ya huce ya san dalilin da ya sa yake gaggawa.

Ita kanta hodar tsohuwar sana'a ce. A Amurka an sayar da irinta da sunan AD-X2, hukumar ma'auni ta ƙasar ta gwada ta, ta ce ba ta da wani amfani, rigimar ta yi zafi har aka nemi shugaban hukumar, Allen Astin, ya sauka a 1953, kafin a mayar da shi kan kujerarsa. Abin da ke cikinta gishirin Epsom ne, irin wanda ake samu a kantin magani, da wani gishiri makamancinsa. Idan kuma aka yi rashin sa'a hodar da aka ɗura maka tana da kanwa ko bekin soda, to asid ɗin ma ta kashe gaba ɗaya, domin waɗannan kishiyoyin asid ne.

Abin da ya fi kuɗin ciwo a raina shi ne ruwan da aka zubar a kwatar da yara ke wasa kusa da ita. Ruwan batir yana ƙona fata, yana makantar da ido, kuma yana ɗauke da dalma. Mutanen Arewa sun ga aikin dalma a Zamfara a 2010, inda gubarta ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara a ƙauyukan masu haƙar zinare. Ga shi kuma batirin da ake yi wa caji mai ƙarfi yana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi ɗaya ko wutar sigari ke iya sa ta fashe, alhali matashin nan ya yi aikinsa ne a cikin zaure.

Akwai abin da mutum zai iya yi a gida idan batir rauni kawai ya yi. A kwance kawunansa a kankare farin dattin da ya taru, a ɗaure su tamau. Idan mai murafe ne kuma ruwa ya ja baya, a ƙara tataccen ruwa (distilled water) kawai har ya rufe farantan, ban da ruwan rijiya ko na leda, kuma ban da ƙarin asid. Wanda aka rufe shi ruf daga kamfani kada a fasa shi. A yi caji a hankali a wuri mai iska, da kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato a saita na'urar caji a amfiya 7.5 ga batir mai lamba 75, ko da zai kwana. Sannan a sa mai wayarin ya auna altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji a cikin mota, wadda ya kamata ta ba da tsakanin 13.8 zuwa 14.4 idan inji na aiki, domin sau da yawa laifin nata ne. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, a ba da shi a cika kuɗi a karɓi sabo mai takardar garanti.

Tallan da ya ja ni ya sake fitowa makon jiya da sabon suna da sabuwar lamba, amma hoton ledar hodar bai canza ba, kuma yanzu an ƙara cewa tana gyara batirin sola da na adaidaita sahu.