Total Commander da shotkot ɗin da suke mutuwa: ra'ayina bayan na daɗe ina aiki da shi

Duk wanda yake yini yana kwashe fayil daga filas zuwa kwamfuta, daga kwamfuta zuwa hadis (hard disk) na waje, gsky File Explorer ɗin Windows zai gajiyar da shi, shi ya sa wasunmu muka koma Total Commander. Tsohuwar manhaja ce fa, wani mutumin Suwizalan Christian Ghisler ya fitar da ita tun 1993 da sunan Windows Commander, sai a 2002 aka canza sunan saboda kalmar Windows ta Microsoft ce. Kana buɗewa allo ya rabu biyu, folda ɗaya a hagu ɗaya a dama, F5 kwafa F6 matsarwa F7 sabuwar folda F8 gogewa, hannunka ba ya ma zuwa kan linzami.

Amma abin da mutane suka fi kawo min kuka a kai shi ne layin madannan nan na sama. Kana iya jawo kowace manhaja ka ajiye a wurin ta zama madanni, danna ɗaya ta buɗe, daɗi kam akwai. Sai wata rana ka danna ya ce bai ga fayil ba, aikon ɗin ma, wato ɗan hoton da ke kan madannin, ya ɓace, mutum ya ce ai manhajar ta lalace ya goge ya sake sakawa, wani har fomatin yake yi wlh, alhali ba abin da ya lalace.

Madannin nan adireshi ne kawai a rubuce. Kamar ka rubuta wa mutum kwatancen gidan abokinka a takarda ne, in abokin ya tashi daga unguwar takardar ba ta da labari. Total Commander yana ajiye adireshin a wani ɗan fayil mai suna default.bar, rubutu ne zalla ko da Notepad za ka iya buɗe shi ka karanta. Shotkot ɗin Windows na kan destof masu .lnk su suna da ɗan wayo, in an matsar da fayil a kan dirayib mai NTFS (tsarin ajiye fayil na Windows) Windows kan bi sawu ta gano inda ya koma, wani lokacin dai. Madannin Total Commander ba ya bin sawun kowa, inda ka rubuta nan zai je, in babu ya dawo ya ce babu. Nan kam na rage masa maki, manhajar da ta haura shekara 30 ya ci a ce tana da wata hanya da za ta duba madannan duka ta nuna maka matattun.

Sai dai gyaran ba wuya, kuma a nan nake yaba masa. Danna dama a kan madannin ka zaɓi Change, akwati zai fito da layuka, Command da Parameters da Start path da Icon file. Karanta na Command da kyau, ka bi adireshin da kanka a ɗaya ɓangaren allon ka ga a ina ya yanke. Mafi yawa harafin dirayib ne. Jiya filas ɗinka E: ne, yau ka riga ka soka wani kafin shi sai Windows ta ba shi F:, shi kenan duk madannin da ya fara da E: ya mutu. Maganin wannan shi ne ya sa na kasa rabuwa da manhajar, maimakon harafin sai ka rubuta %COMMANDER_DRIVE% wato duk dirayib ɗin da manhajar take kai a yanzu, ko %COMMANDER_PATH% wato foldar da take ciki. In ka yi haka ka zuba ƙananan manhajojinka a cikin foldar, to kai filas ɗin duk kwamfutar da ka ga dama, a shago ko ofis ko kafe, madannanka na nan da rai. Kar ka manta da layin Icon file da Start path, mutane su gyara na sama su bar waɗannan da tsohon harafi sannan su ce aikon ya ƙi dawowa. In kana so saitinka ma ya riƙa binka, buɗe wincmd.ini, fayil ɗin da saitin manhajar yake ciki, ka sa UseIniInProgramDir=7 a ƙarƙashin sashen Configuration.

Na biyu da ya fi cin rai, manhajojin da suke sabunta kansu. Akwai waɗanda ba sa zama a Program Files, can cikin AppData suke ɓuya kuma sunan foldarsu ɗauke yake da lambar fitowa, yau app-1.0.5 gobe bayan sabuntawa wata lambar daban, tsohuwar foldar kuma a share ta. In ka jawo exe ɗin, wato fayil ɗin da ke buɗe manhajar, kai tsaye daga can to ka san madanninka na ɗan lokaci ne. Abin yi ka je ka nemo shotkot ɗin da ita manhajar ta saka wa kanta a Start, ka danna Alt+Enter a kansa ka kwafi abin da ke layin Target, don shi yawanci wani fayil ɗin da ba ya motsi yake kira. Na Microsoft Store ma haka suke, foldar WindowsApps a kulle take kuma sunaye na canzawa, ka buga shell:AppsFolder a Run, akwatin rubuta umarni na Windows, ka jawo shotkot daga nan zuwa destof, sai madanninka ya kira shi.

Akwai kuma matsalar Total Commander mai 32 bit da mai 64 bit. Tun fitowa ta 8.0 a 2012 akwai mai 64, amma har yanzu za ka ga mutum da mai 32 a sabuwar kwamfuta, to in ta nemi foldar System32 sai Windows ta karkatar da ita wata foldar mai suna SysWOW64 ba tare da ta sani ba, kayan aiki irin msconfig kuma babu su a can. Ka buɗe totalcmd64.exe, wato mai 64 ɗin, kawai a huta.

Wani abu daban da ake haɗawa da wannan, bairos ɗin shotkot na filas, duk wanda ya taɓa kai filas shagon firintin ko fotokofi kusa da makaranta ya san shi. Ka soka ka ga foldojinka duk sun koma shotkot, ɗalibi ya ɗora hannu a ka furojet ya tafi. Bai tafi ba, ɓoye su aka yi. Kar ka danna ko ɗaya don dannawar ce take tayar da bairos ɗin. A Total Commander ka shiga Configuration, Options, Display ka kunna nuna ɓoyayyun fayil da na sistem, nan take za ka ga ainihin foldojin, ga kuma .lnk ɗin ƙarya kowanne da wutsiyarsa a fili ka goge su. Akwai layin rubuta umarni a ƙasan allon, attrib -h -r -s /s /d *.* a cikin filas ɗin zai dawo da komai fili. Amma dai sai ka bi da antibairos, Total Commander ba aikinsa ba ne kashe ƙwayar.

Fuskarsa kam ta tsufa, wanda ya saba da waya zai gan shi kamar kwamfutar banki ta da, kuma in ba ka biya lasisi ba duk buɗewa sai ya sa ka danna 1 ko 2 ko 3, gwajin wata ɗaya ne a ƙa'ida. Ta Android kyauta ce. Wanda fayil biyar yake taɓawa a sati ya zauna da Explorer ɗinsa ba abin da zai ƙaru da shi, amma mai gyaran kwamfuta ko mai shagon taifin da filas goma ke ratsa hannunsa kullum, ni dai zan ce ya saka, ya fara da gyara madannansa da %COMMANDER_PATH% tun kafin harafin ya canza.