Baƙin keke ko mai giya a cikin Katsina?

Baƙin keke irin Phoenix nauyi gare shi, babu musu. Amma ka ɗaura masa buhun masara daga Babbar Kasuwa har Ƙofar Marusa, ba zai yi maka gardama ba. Sarƙa ta zame, ka maida da hannunka. Taya ta yi faci, kowane mai gyara na bakin titi yana da kayansa.

Mai giya na gwanjo ya fi daɗin tuƙi, shi samari ke so. Nawa kuwa wata biyu ya yi jingine a zaure: ƙarfen sauya giyar ya lanƙwashe, na rasa irinsa. Ga rairayin lungunanmu yana cinye haƙoran giya. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, tudun da zai sa ka nemi giya kaɗan ne. Ni dai na koma baƙin.