Faifan Bob Dylan na 1966: saboda ihun mutum ɗaya na saye shi

Mai son waƙa mai sanyi ya tsaya a faifai na ɗaya, kada ya taɓa na biyu. Biyu ne a kwali ɗaya, wasan da mawaƙin Amurka Bob Dylan ya yi a Manchester ta Ingila ranar 17 ga Mayu 1966, duk da cewa Royal Albert Hall, wani zauren wasa a Landan, aka rubuta a bango. Masu kwafin sata ne suka liƙa masa sunan tun da daɗewa, da kamfani ya zo fitar da shi a 1998 sai ya bar shi haka. A na ɗaya shi kaɗai ne da gitarsa, zaure tsit, kowa ya kasa kunne. Yana da daɗi, amma ba shi ya sa na ba da kuɗina ba.

Na biyun ne magana. Bayan hutu ya dawo da makaɗa da gitar lantarki da ganga, ga ƙara kamar za a tsaga bango. Mutanen nan sun zo ne su ji mawaƙin da suka sani da waƙoƙin gwagwarmaya, sai suka tarar an sauya musu kaya. Ana jin su a faifan suna wani tafi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, tafin raini. Shi kuwa gogan naka ko a jikinsa. A wani wuri ma sai ya kama ƙunƙuni a makirfo, maganar da ba kai ba gindi, har suka gaji suka yi shiru don su ji me yake faɗa. Daf da waƙar ƙarshe wani ya ɗaga murya daga cikin taro ya kira shi Judas, wato maci amana. Dylan ya ce masa bai yarda da shi ba, maƙaryaci ne, ya juya ya ce wa makaɗansa su ƙara ƙarfi, suka afka "Like a Rolling Stone". Wallahi gashin jikina sai da ya tashi. Ban taɓa jin an zagi mawaƙi ya mayar da zagin ya zama kiɗa irin haka ba.

To amma fa in an bi ta gaskiya, masu tafin nan ba mahaukata ba ne. Kuɗinsu suka biya, kuma a irin ƙarar nan da wuya wanda ke zaune a baya ya tsinci baiti ɗaya. A bikin gidanmu mawaƙi ya kuskura ya yi wa masu liƙi haka, ai da ƙyar zai fita da kalangunsa. Kuma halin nasa ne: a bikin waƙa na Newport a Amurka a 1965 an yi masa ihu kan gitar lantarki bai fasa ba, da aka ba shi kyautar Nobel ta adabi a 2016 ya yi gum kusan mako biyu, bikin ba da kyautar a Stockholm ma bai je ba. Yau jikokin masu ihun ne ke kiransa gwarzo, don yanzu yabon ba ya cin kowa komai.

Haushina mai sayarwa ne. Ya rantse mini kayan kamar sabo, sai ga kwali a fashe, ɗan littafin hotunan da ke ciki babu shi, faifai na biyu kuma da karce, daidai tsakiyar "Ballad of a Thin Man" yake tsalle. Na yi masa magana ya ce haka ya zo masa, wai in goge da tsumma. Na goge, yana nan yadda yake. Waƙa na ba ta tauraro biyar, shi ko ɗaya ban ba shi ba, kuma duk mai saye ya sa a kunna masa na biyun har ƙarshe kafin ya zaro kuɗi.