Gwajin Kai-sukwaya ko Gwajin Ainihi?

A ce ka jefa ƙwayar ludo sau 60. In ba ta da algus, kowace fuska za ta fito kusan sau 10. To, shida ta fito sau 18: sa'a ce ko maguɗi?

Gwajin lissafi biyu na iya ba da amsa. Na farko, kai-sukwaya (chi-square), wanda masanin ƙididdiga Karl Pearson ya fito da shi a 1900, yana auna tazarar abin da aka gani da abin da aka zata. A nan, in adadin da gwajin ya lissafo daga fuskoki shidan ya haura 11.07, sai a zargi ƙwayar. Biro da takarda sun isa. Sai dai kiyasi ne, yakan yi tangal-tangal in yawan fitowar da aka zata wa kowace fuska bai kai 5 ba.

Gwajin ainihi kuwa yana lissafo duk sakamakon da ka iya fitowa, amma sai da kwamfuta. A jifa 60, kai-sukwaya zan ɗauka. A jifa 12 kuwa, inda ake zaton kowace fuska ta fito sau 2 kacal, sai gwajin ainihi.