Buhun hatsi ko akuya: wanne ya fi a sadakar jika hamsin?

Hajiya, na ga tambayarki a zauren nan. Kin ware jika hamsin, wato sefa dubu hamsin, don wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar a wani ƙauye wajen Kaita, kuma kin rasa na zaɓa: hatsi ko akuya. Na taɓa yin duka biyun, ɗayan ma bai yi mini daɗi ba, shi ya sa zan tofa albarkacin bakina.

Hatsi ba ya son dogon bayani. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar kamar tiya 40, kuma ranar da ya shiga gida ranar za a ɗora tukunya. Ba ya ciwo, ba ya neman dusa. Aibinsa ɗaya ne: gida mai baki shida, ko da fura da kunu ake lallaɓawa, bayan wata guda da ƴan kwanaki sai kakkaɓe buhu.

Akuya kuwa dukiya ce mai ƙafa huɗu. Cikinta wata biyar ne, kuma jar akuyar Maraɗi an san ta da yawan haifo tagwaye, ga nonon da yara za su samu a kunu. Idan rashin lafiya ya taso ko kuɗin makaranta, a kai ɗan bunsuru kasuwa, ba sai an je ƙofar kowa ba. Wannan hikimar ce Fulani suke kira habbanaye: ka ba ɗan'uwanka dabba mace ta haihu a hannunsa, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta komo gare ka. Ƙungiyoyin agaji da dama a Nijar sun ari tsarin, suna zagayawa da akuya daga gida zuwa gida.

To amma akuya baki gare ta. Ni na saya wa gwaggona ɗaya a kasuwar Badagishiri ana tsakiyar bazara, ina ta jin daɗi na yi abin kai. Ban tambaye ta komai ba. Ashe rumbunta ya kusa ƙasa, daji ya ƙone ƙurmus, harawa sai da kuɗi. Tsohuwa ta dinga raba dusar da take tankaɗewa tsakanin tukunya da akuya. Da na koma a watan Yuli, igiya kaɗai na tarar ɗaure a turke. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, jikoki na kuka." Ta sayar da ita ƙasa da kuɗin da na saye ta, ta auno hatsi a lokacin da ya fi tsada. Laifina ne, ba nata ba. Haka kasuwar take duk shekara: daga Yuni zuwa Satumba hatsi na hawa, dabbar da ta rame na faɗuwa. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a nan Tawa ba sai an ba su labari ba.

Don haka a ganina watan da ake ciki shi ke yanke hukunci. Da damina, lokacin da mace ke buƙatar ƙarfin noma gonarta maimakon tafiya ƙwadago a gonar wani, hatsi ya fi. Bayan kaka, rumbu da ɗan nauyi, ga harawar wake ga kara, sannan akuya ke zama alheri. Idan ita za ki saya, ki je da wanda ya san dabba ya duba haƙoranta, a yi mata rigakafi, kuma ki rage wani abu daga cikin kuɗin don dusa. Af, mai hali ya sayi hatsinsa na sadaka tun da kaka yana araha, ya ajiye sai Yuli. Kuɗi ɗaya, tiya ta fi yawa.

Sai batun niyya. Idan kuɗin zakka ne, matar tana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa muddin mabuƙaciya ce, amma sai an mallaka mata abin kacokan. Habbanaye aro ne, ba ya sauke zakka. Ki ƙara tuntuɓar malaminku a kan ko za a ba ta kuɗin a hannu ne.

Idan watan Mayu ake ciki, da ni ne ke, hatsi zan aika, akuyar ta jira Nuwamba. Amma kafin ki je kasuwa, ki kira matar ki ji tiya nawa ta rage mata a rumbu, kuma wa zai riƙa kai dabbar kiwo.