Kwale-kwalen Yupwe zuwa tsibirin Manoka

Jama'a ni ɗan Garwa ne a arewacin Kamaru, iyakar ruwan da na sani shi ne Binuwai, wanda da rani yara ke wasa a kan yashinsa. To na sauka Duwala wajen ƙanin babanmu a unguwar New Bell, ɗansa ya ce wallahi ba zan koma arewa ban ga Manoka ba.

Da sassafe muka hau moto zuwa Yupwe, nan ne tashar, kuma kasuwar kifi ce babba, ƙarni tun daga bakin hanya. Mai kwale-kwalen yana ganin hulata ya ce "Magida, zo nan", haka mutanen kudu ke kiranmu. Gaskiya mutumin ya san aikinsa, injinsa lafiya lau, in igiya ta taso sai ya rage wuta ya karkata hancin jirgin ya bi ta a hankali, ni ko na riƙe katako ina ta salati har yatsuna suka yi tsami. Hanya duk itatuwan nan ne masu saiwoyi a waje kamar sun tsaya da ƙafa cikin ruwa, sai kogin Wuri ya yi ta buɗewa har ka daina ganin ɗaya gaɓar. Na ɗebi ruwan da hannu na ɗanɗana, gishiri-gishiri.

Manoka ɗin ma ashe cikin Duwala take a hukumance, ita ce gundumar Duwala ta 6, amma rayuwar can daban ce. Gidajen katako a kan turaku, taru a shanye ko'ina, mata na banda kifi hayaƙi ya cika wurin, masunta da yawa 'yan Najeriya ne. Wata baiwar Allah ta ciro min kifi ɗaya daga kan waya da zafinsa, ta barbaɗa yaji, har yanzu ina tuna shi.

Abin da ya ɓata min rai shi ne rigar ruwa, wato wadda ke hana mutum nutsewa. Mun fi rigunan yawa, ga mace da goyo a gabana babu ko ɗaya a jikinta, sai da na yi magana sau biyu kafin yaron jirgi ya zaro wata daga ƙarƙashin buhu. Wannan ba daidai ba ne, rai ne fa. Dawowa kuma ruwa ya janye, jirgi ya zauna a laka, muka yi ta jira har bayan la'asar.

Zan sake zuwa in Allah ya yarda, amma dan Allah ku tafi da ruwan shanku, ku tambayi lokacin cikar ruwa, kuma kar ku zauna sai an ba ku rigar.