Kafin Ka Ce "A Ba Ni Maganin Tsutsa": Wanne Za Ka Saya, Wanne Za Ka Bari?

Wata ranar Asabar da la'asar ina tsaye a kemis ɗin unguwarmu ina jiran canji, sai ga wani dattijo ya shigo riƙe da hannun jikansa, yaro ɗan kamar shekara tara. Ya ce wa yaron shago, "Ɗana, ba ni maganin tsutsa, amma mai ƙarfi." Yaron ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da ƙwaya ɗaya a ɗan kwalinta. Dattijon yana lalube aljihu ya ƙara da cewa, "Karo na uku ke nan, amma har yanzu in ya yi fitsari sai jini ya biyo baya." Na kasa yin shiru. Na ce, "Baba, yaron nan yana shiga ruwa?" Ya ce ai kullum suna bakin rafi da abokansa, duka ma bai hana shi ba. Na ce, "To Baba, wannan ƙwayar ba ta ciwonsa ba ce. Tsargiya ke damunsa, kuma maganinta daban."

Abin da ke jawo mana asarar kuɗi, wani lokaci har da ta lafiya, shi ne mun ɗauka maganin tsutsa abu ɗaya ne, sai dai wani ya fi wani ƙarfi. Halittun da ke zama a jikin mutum iri-iri ne, kuma ƙwayar da ke kashe wannan ba ta ko girgiza wancan. Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali, domin da su za ka gane abin da aka miƙo maka.

Albendazole da mebendazole

Waɗannan biyun su ne na tsutsar hanji ta yau da kullum: macijin ciki, da mai ƙugiya wadda ke shiga ta tafin ƙafa ta laƙe a hanji tana shan jini, da mai siffar bulala, da 'yan ƙananan nan farare kamar zare masu hana yaro barci saboda ƙaiƙayin dubura. Albendazole shi ne ake sayarwa da sunan Zentel, mebendazole kuma da sunan Vermox, amma kamfanoni da yawa suna yin su da wasu sunaye, kuma sinadarin ɗaya ne. In na kamfanin da ba ka sani ba yana da lambar rajista ta gaskiya, ba dole sai ka biya kuɗin suna ba.

Ga wanda ya kai shekara biyu, har babba, albendazole miligiram 400 ake sha sau ɗaya. Ɗan wata 12 zuwa 23 rabin haka ake ba shi, wato 200. Mebendazole kuwa hanya biyu ce: ko ƙwaya ɗaya mai 500 sau ɗaya, ko mai 100 safe da yamma har kwana uku. A nan ne mutane ke yin kuskure, su sayi mai 100 su sha guda ɗaya su ce sun wanke ciki. Guda ɗayan nan ta 'yan zaren dubura ce kawai, ita ma sai an maimaita bayan mako biyu, kuma sai an ba duk mutanen gida, domin ƙwansu yana maƙale a farce da zanen gado.

In ka tambaye ni wanne zan ɗauka, albendazole zan ce. A kan macijin ciki kusan kunnen doki suke yi. Amma a kan mai ƙugiya, shan albendazole sau ɗaya ya fi na mebendazole aiki nesa ba kusa ba, kuma ita ce wadda ta fi cutar da mu, don ita ke tsotse jinin yaro da na mai ciki har ka ga tafin hannu ya yi fari fat, mutum yana haki daga ɗan tafiya. Duk wanda ke shiga gona ba takalmi da damina yana cikin hatsarinta. Mai bulala kuwa dukansu biyun ba sa cin ta sosai da sha ɗaya, shi ya sa in gwajin bahaya ya nuna ita ce, likita kan rubuta na kwana uku.

Ba sai an sha sukari kafin magani ba, wai don a yaudari tsutsa ta buɗe baki. Ba sai an yi azumi ba, ba kuma sai an bi shi da maganin gudawa ba. Waɗannan ƙwayoyin suna hana tsutsar cin abinci ne har ta mutu a hankali cikin kwanaki, don haka rashin ganin komai a bahaya washegari ba ya nufin maganin jabu ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake ba ƙananan yara. Na sha ganin uwa ta danne yaro a cinya, ta toshe masa hanci, ta tura ƙwaya yana kuka. Ƙwayar nan babba ce, tana iya sarƙe yaro ta toshe masa numfashi. Ga ɗan ƙasa da shekara uku, a murƙushe ta tsakanin cokali biyu, a dama da ɗan ruwa, a zaunar da shi a miƙe sannan a ba shi. In ya ƙi, a bari ya huce, gobe ma rana ce. Akwai kuma na ruwa a kwalba, ya fi tsada kaɗan amma ya fi sauƙin bayarwa. A girgiza kafin a zuba. Jaririn da bai cika shekara ba, kada a saya masa ko wanne sai likita ya gan shi.

Mai ciki kada ta sha ko ɗaya daga cikinsu a wata ukun farko. Bayan nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba ta a wuraren da tsutsa da ƙarancin jini suka yi yawa, kuma wurin awo ne ya kamata a yanke wannan shawara. Matar da al'adarta ta yi jinkiri ta dakata tukuna ta tabbatar.

Tsoffin magungunan

Za ka iya tarar da pyrantel, wanda aka fi sani da Combantrin, da levamisole mai suna Ketrax, da piperazine. Pyrantel yana da kyau ga macijin ciki da 'yan zare, gwargwadon nauyin mutum ake shan sa, amma ba ya taɓa mai bulala. Piperazine aikinsa ya fi na kowa ƙanƙanta, kuma ba a haɗa shi da pyrantel domin suna warware aikin juna, mai farfaɗiya ma ba ya shan sa. Levamisole ban ga dalilin zaɓensa ba alhali ga albendazole a kanta ɗaya.

Praziquantel: na tsargiya da tsila

Tsutsar tsargiya ba a cikin hanji take kwance ba. A jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara ko hanji take zama, ƙwanta ne ke huda bangon mafitsara har jini ya fito. Ana ɗaukar ta a ruwan da ba ya gudu sosai, inda akwai ƙananan dodon koɗi: kududdufi, bakin dam, magudanan noman rani, fadamar shinkafa, gaɓar Tafkin Chadi da ta Kogin Kwara. Masunta da manoman rani da 'yan yara masu wanka su ta fi kamawa. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar jinin fitsarin yaro alamar balaga. Ciwo ne, kuma in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, yana iya kaiwa ga kansar mafitsara. Ga mata kuma yana taɓa al'aura da mahaifa har a yi ta maganin sanyi ba sauƙi.

Praziquantel kaɗai ne maganinta a kasuwa, sunansa na kamfani da ya fi shahara Biltricide. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce, kuma ana lissafa 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Ke nan yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu zai sha, babba mai kilo 60 kuma huɗu. Shi ya sa ba a sayen sa da ka, sai an hau sikeli. Jikan dattijon nan da suka je asibitin sha-ka-tafi, an gwada fitsarinsa, an auna shi, aka ba shi daidai nauyinsa. A makarantu, inda babu sikeli, sanda mai alamomi ake tsayar da yaro a jikinta a ba shi gwargwadon tsayinsa.

A ci abinci a ƙoshi kafin a sha, tuwo ko shinkafa, ba ruwan shayi ba. Yana da ɗaci ƙwarai, a haɗiye da ruwa kada a tauna. Jiri da murɗar ciki da tashin zuciya na 'yan sa'o'i ba baƙon abu ba ne, musamman ga wanda tsutsar ta yi wa yawa, don haka ɗan acaɓa da direba su huta ran nan da washegari. Mutum biyu kada su sha sai da sanin likita. Na farko mai shan maganin tarin fuka, domin rifampicin da ke ciki yana sa hanta ta narkar da praziquantel kafin ya yi aiki. Na biyu mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa yin jijjiga ba a san dalili ba, domin akwai nau'in tsila da ke yin ƙululu a ƙwaƙwalwa, kuma kashe ta ba shiri yana tayar da ciwon.

Tsilar hanji, wadda ake samu daga naman da bai gasu ba har mutum ya riƙa ganin gutsattsarinta masu faɗi a wando, ita ma praziquantel ne maganinta, amma kaɗan take buƙata, miligiram 5 zuwa 10 a kilo. Ƙwayar albendazole guda ɗaya ba abin dogaro ba ce a kanta.

Praziquantel ya fi albendazole tsada saboda yawan ƙwayoyin da ake buƙata. Kafin ka saya, tambayi cibiyar lafiya ta kusa ko ana rabo a ƙaramar hukumarku, domin ana raba shi kyauta ga 'yan makaranta a yankunan da cutar ta yi katutu.

Ivermectin

Wannan magani ne mai daraja. William Campbell da Satoshi Omura sun sami kyautar Nobel a 2015 saboda gano shi, kuma tun 1987 kamfanin Merck ke bayar da shi kyauta da sunan Mectizan domin makantar kogi. Da taimakonsa ne Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da wannan cuta, a farkon 2025. Ana kuma haɗa shi da albendazole a rabon rigakafin tundurmi da gwaiwa, likitoci na rubuta shi don ƙazwa mai taurin kai.

Duk da haka ba na ba kowa shawarar ya saya don wanke ciki. Ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ko santimita 90 ba, ba a ba mai ciki, ba a ba mai jego a makon farko, ba a ba wanda ke kwance cikin tsananin ciwo. Ga kuma wani gargaɗi ga 'yan uwanmu masu zama ko fatauci a dazukan kudancin Kamaru da maƙwabtansu: akwai tsutsar da ke ratsa farin ido, ana kiran ta Loa loa, wadda in ta yi yawa a jinin mutum ya sha ivermectin, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa har ya suma ko ya rasa rai. Wanda ya zauna can ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ya karɓa.

Flagyl kuwa, wato metronidazole, ba na tsutsa ba ne sam. Na ƙananan halittun da ido ba ya gani ne, masu kawo wani nau'in atini da gudawa mai kumfa, kuma kwanaki ake yi ana shan sa, ba ƙwaya biyu a tsaya ba. Ba a shan barasa a kansa. Kada kuma a haɗa shi da mebendazole a lokaci guda, domin an samu waɗanda haɗin ya jawo wa mummunan saɓulewar fata.

A gaban kanta

Karɓi kwalin a hannunka ka karanta sunan sinadarin da adadin miligiram, kada ka tsaya ga launi ko hoton tsutsa. Duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC in a Najeriya kake, ka ga ko abin da ke jikin kwali ya yi daidai da na jikin takardar ƙwayar. Ƙwayar da aka ƙirgo daga gwangwani aka ƙulle a leda ba suna, bar ta. Haka na masu talla a tasha da kasuwar ƙauye, wanda ya wuni a faranti rana na dukansa.

A kasuwar dabbobi kuma za ka ga albendazole da ivermectin na shanu da tumaki, sunan ɗaya, kuɗin ƙasa. Ƙwayar saniya ɗaya tana iya ninka ta mutum sau da yawa, ruwan allurar kuma an haɗa shi da abubuwan da ba a yi don cikin ɗan Adam ba. Makiyayi ya ajiye na garke nesa da na iyali.

Akwai halin da sayen magani ma bai taso ba. Yaron da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana amai, ba bahaya ba tusa, mai yiwuwa macizan ciki ne suka dunƙule suka toshe hanji, asibiti za a nufa da shi a daren. Haka wanda ya sha magani fuskarsa ta kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, ko idonsa ya yi rawaya. Mai ciwon hanta ma ya fara ganin likita.

Sau nawa za a sha? A inda tsutsa ta yi yawa, sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar ga yara, ba kowane wata ba kamar yadda wasu iyaye ke yi. In an ba yaronka a makon lafiyar uwa da yara tare da sinadarin bitamin A, ko an raba a makarantarsu, rubuta watan a bayan katin rigakafinsa, ka ƙirga wata shida daga nan kafin ka sake sayen wani.